Tambaya da Amsa: Kasuwa, Zirga-zirga da Ziyara a Delhi

Tambaya: Na raka mahaifiyata asibiti a Delhi, babban birnin Indiya. Alhamdulillah an sallame ta, amma likita ya ce mu ƙara kwana biyar kafin mu hau jirgi. Ina so in haɗa wa ƙanena kayan lefe. Direban tasin da ke kai mu asibiti ya ce ya san shago mai rahusa. In bi shi? (Wata mai karatu daga Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kada ki bi shi. Ba na zargin direbanki, amma al'ada ce a Delhi mai shago ya ba wanda ya kawo masa baƙo la'ada, kuma daga aljihun baƙon ake cire ta. Za a zaunar da ke, a kawo shayi, a yi ta buɗe kaya har kunya ta hana ki tashi hannu biyu.

Ki bar Mama ta huta, ki samu ɗan rakiya ku hau jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira metro. Tun 2002 yake aiki, da na'urar sanyaya iska, ba ya shiga cunkoson titi, kuma taragon farko na mata ne zalla. Wannan kaɗai ya sa nake fifita shi a kan tasi ga mace baƙuwa. Sai dai ki guji lokacin tafiya aiki da tashi daga aiki.

In atamfa kike nema, ki bari sai kin dawo Kwari, ba kayansu ba ne. Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne yadi mai aikin zare da duwatsu, gyale, sarƙa da awarwaro. Ki fara da kasuwar Lajpat Nagar, domin ta fi sauƙin yawo, amma ba ta ci ranar Litinin. Sannan ki hau layin metro mai launin rawaya ki sauka a Chandni Chowk, tsohon gari. A lungun Kinari Bazaar ake sayar da kayan adon amare, a Dariba Kalan azurfa da turaren mai, Khari Baoli kuma kasuwar kayan ƙamshi ce, kanumfari da girfa buhu-buhu, har sai kin yi atishawa. Yawancin shagunan nan a rufe suke ranar Lahadi. Lunguna ne matsattsu, ki rataya jaka ta gaba.

Wajen ciniki, Bakana ba ta buƙatar darasi. Ki taya kamar yadda kike yi a gida, in ya ƙi ki juya. Haka ma mai adaidaita sahu, wanda suke kira oto: ku yanke kuɗi kafin ki hau, ko ki kira shi ta Uber farashi ya fito a waya.

Tambaya: Ina da kwana biyu, Juma'a da Asabar. Ina son ganin Taj Mahal, ina kuma son yin Juma'a a babban masallacin Delhi. (Wani malami daga Zariya)

Amsa: Malam, ranakun sun daidaita da kansu. Taj Mahal a Agra yake, ba a Delhi ba, kuma ba a buɗe wa masu ziyara ranar Juma'a. Ka yi Juma'arka a Jama Masjid, wanda Sarki Shah Jahan ya gama ginawa a 1656, shi ne kuma ya gina Taj Mahal ɗin. Ka je da wuri, harabar na cika. Bayan salla ka sauka Matia Mahal da ke kusa da ƙofa, unguwar Musulmi ce, ka ci nama hankali kwance. A wasu unguwannin ka tambaya ko halal ne, domin akwai masu yanka irin nasu da suke kira jhatka. Ganuwar Lal Qila, jar fadar sarakunan Mughal, tana nan kusa.

Asabar ka yi sammako zuwa tashar Hazrat Nizamuddin ka hau jirgin ƙasa na Gatimaan Express, cikin kusan minti 100 kana Agra, da yamma ya dawo da kai. Ka yanki tikiti tun kafin ranar, ka riƙe fasfo, kuma kuɗin shiga Taj Mahal na baƙi ya ninka na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Zinaren Indiya ya fi na Dubai sauƙi?

Amsa: A'a, yawanci ya fi tsada saboda haraji. Kyan aiki ne ke jan mutane gare shi. In kin ga wanda ya shiga ranki, ki duba hatimin BIS, hukumar tabbatar da ingancin kaya ta Indiya, da lambar shaida ta HUID mai haruffa da alƙaluma shida a jikinsa, ki sa a rubuta nauyi da kuɗin ƙira daban a rasit.