Takardun Biyafara: wanne ya cancanci kuɗinka?

Tambaya: Malam, ina sha'awar tara takardun tarihin yaƙin basasa. Wani dillali ya kawo mini fam ɗaya ta Biyafara da kwafin Sanarwar Ahiara, ya ce duka biyun ba a samun irinsu. Kuɗina na abu ɗaya ne, wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar biyan kuɗi mai yawa a kan fam ɗin. Bayan Ojukwu, jagoran Biyafara, ya ayyana ɓallewa daga Najeriya ranar 30 ga Mayun 1967, Biyafara ta fitar da kuɗinta sau biyu: sule biyar da fam ɗaya a 1968, sannan a 1969 aka sake bugu har da fam biyar da fam goma. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, takardun da ba a kai ga kashewa ba sun kwarara hannun 'yan kasuwa da yawa, wasunsu ma ba lamba a jikinsu, shi ya sa fam ɗaya ta 1969 ba ta wuyar samu ko kaɗan.

Sanarwar Ahiara, wadda Ojukwu ya gabatar ranar 1 ga Yunin 1969, ta fi nauyi a wurina, domin a cikinta ne masu ɓallewa suka bayyana irin ƙasar da suke nufin ginawa. Sai dai an sha sake buga ta, don haka ka duba sunan maɗaba'a da shekarar bugu, ka kuma tambayi dillalin daga hannun wa ta fito. Idan ya kasa faɗa, ka taya ta a farashin sabon bugu. Launin tsufa kaɗai ba shaida ba ne, tunda ruwan shayi ma yana rina takarda.

Ina kuma roƙonka kada ka tsaya a ɓangare ɗaya. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian na waɗannan shekaru suna nuna yadda Arewa ta ga yaƙin, kuma abin takaici ne yadda gara ke cinye su a akwatunan iyayenmu.

Tambaya: In yi musu laminatin?

Amsa: A'a, zafi da gam suna lalata takarda, kuma darajarta takan faɗi. Ka shimfiɗa su ba ninki, nesa da rana da laimar damina, ka ɗauki hotonsu don masu son karantawa, sannan kada salatif ya taɓa su.