Ki zaunar da shi gaban wanda ya yi ci-rani

Hajiya, kin ce an ba yaronki aikin ya tattauna da mutanen gida kan wahalar 'yan ƙwadagon gona a littafin The Grapes of Wrath, ke kuma ba ki karanta ba, kina tambayar ta ina za ki fara. Bara 'yata ta zo min da irinsa, nima ban karanta ba a lokacin.

Sai na ce ta ba mu labarin da Hausa bayan sallar isha'i, mahaifina yana wurin. Ta ce John Steinbeck ne ya rubuta shi, ya fito a 1939. Iyalin Joad 'yan haya ne a gonar Oklahoma, fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kashe amfani, banki ya turo tarakta ta kore su, suka ɗaura komatsai a tsohuwar mota suka bi hanya mai lamba 66 zuwa Kalifoniya. Kakan ya rasu tun farkon tafiya, kakar kuma wajen ƙetare hamada. Baba yana jan carbi, kamar ba ya ji.

Da ta zo kan takardun talla ne ya ɗago kai. Mai gona yana son mutum 800, sai ya buga takarda 5,000, jama'a su yi dafifi, ya karya farashi yadda yake so. Akwatin 'ya'yan itace da ake biyan sent 5 ya koma 2 da rabi, abin da ka samu kuma kantin mai gonar zai cinye. Baba ya ce, "Ashe har Turawa." Shi yana saurayi ya kama hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare a Sudan, ya yi kaka uku yana tsintar auduga a Jazira, kusa da Wad Madani, inda aka buɗe noman ruwa tun 1925. Ya nuna mata yatsunsa, yadda ƙwansar auduga ke tsaga gefen farce. Ya ce yini za ka yi a duƙe, da yamma mai sikeli ya ɗaga buhunka ya ce da raɓa a ciki, ya zaftare, ba ka da bakin magana don akwai goma a bayanka masu jiran layinka. Wallahi ni da ya haifa ban taɓa jin wannan ba.

Amma ya yi mata gyara ɗaya, kuma ina ganin shi ne ƙashin bayan abin da ta rubuta. Ya ce kada ta haɗa su duka. Ɗan ci-rani yana da gonar da yake komawa idan hadari ya taso, shi ya sa yake iya haɗiye wulaƙanci. Mutanen littafin an raba su da ƙasar baki ɗaya, kuma a cikin ƙasarsu ake musu laƙabin raini, Oki, kamar yadda aka riƙa ce wa su Baba Takari a Sudan.

Don haka ki bar yaron ya ba da labarin da bakinsa, ki nemo tsoho a dangi da ya yi auduga a Sudan ko koko a Gana. Ya riƙe biro, amma kada ya katse shi, tsofaffi sai sun yi zagaye suke isowa kan magana.