Kafin a sayi sabuwar rauta: amsoshi kan foldar da ta ƙi buɗuwa tsakanin kwamfutocin gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a unguwar Gwale. A falona akwai kwamfuta mai Windows 10, a cikinta nake ajiye hotunan iyali da bidiyon bukukuwa da lissafin shagona. 'Yata mai karatu a Jami'ar Bayero tana da MacBook, ɗana kuma ya saka Ubuntu a tasa. Na buɗe folda guda don kowa ya riƙa shiga ta waifai, amma MacBook ba ta ganinta sam, ta ɗan nawa kuwa yau ta shiga, gobe ta ƙi. Wani mai gyara ya ce in sayi sabuwar rauta. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Rautar da ke ba kwamfutocin nan uku intanet ba tare da tangarɗa ba, da wuya a ce ita ce ke hana su gaisawa da juna, kuma idan ka sayo sabuwa ba ka gyara abin da zan faɗa maka ba, matsalar nan za ta biyo ka cikin sabon kwali.

Duk da bambancin da ke tsakaninsu, Windows da Mac da Ubuntu suna da yare guda da suke musayar fayil da shi, ana kiransa SMB. Da shi Windows ke aiki tun da daɗewa, kamfanin Apple ya mayar da shi babbar hanyarsa a 2013, a ɓangaren Linux kuma, wanda Ubuntu nau'insa ne, manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya soma rubutawa a Ostiraliya a farkon shekarun 1990, ita ce ke yin wannan aiki. Ke nan kwamfutocin gidanka suna jin maganar juna. Abin da ya rage shi ne a tabbatar suna gida ɗaya, sun san adireshin juna, kuma mai shiga yana da mabuɗi.

Fara da tambayar 'yarka wane waifai take kai. Na sha shiga gidan da kwamfutar uba ke kan rautar falo, ita kuwa ɗiya tana kan mifai ɗinta ko intanet ɗin wayarta, kowa yana buɗe Facebook lafiya lau, ana ta mamakin me ya hana su ganin juna. Haka nan idan rautarka tana da waifai na baƙi, kada a hau shi, domin an tsara shi ne musamman don ya raba mai amfani da shi da sauran na'urorin gidan.

Sai batun adireshi. Kada ka zauna jiran sunan kwamfutarka ya bayyana da kansa a MacBook, domin wannan bayyanar ba abin dogaro ba ce. A kwamfutar falo, rubuta cmd a gurbin bincike, idan baƙin allo ya buɗe ka rubuta ipconfig, ka nemi layin IPv4. Za ka ga lamba mai kama da 192.168.0.105. A MacBook a buɗe Finder, wato manhajar fayilolinta, a danna Command tare da K, a rubuta smb://192.168.0.105, wato dai lambar da ka gani a taka. A Ubuntu ma haka ake rubutawa a gurbin haɗawa da wata kwamfuta da ke cikin manhajar fayiloli. A nan kuma nake zaton amsar "yau ta shiga, gobe ta ƙi" take. Rauta ce ke raba waɗannan lambobi, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko aka koma kan janareto, tana iya sake rabon, kwamfutar da jiya take 105 yau ta wayi gari 102, ɗanka kuwa yana ta ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A irin yanayin wutarmu a Kano wannan na iya faruwa sau biyu a yini. Maganinsa kyauta ne: a shiga saitin rauta, ɓangaren DHCP mai kula da rabon lambobin, a keɓe wa kwamfutar falo lamba guda ta dindindin. A kuma duba kada ta riƙa yin barci bayan 'yan mintoci, domin kwamfutar da ke barci ba ta amsa sallama.

Duba kuma yadda Windows ta ɗauki waifai ɗin gidanka. Idan ta rubuta Public, tana ɗaukarsa tamkar na tasha ko otal, sai ta kulle kanta. Mayar da shi Private, sannan ka tabbatar an kunna musayar fayil a saitin.

Inda na fi so ka natsu shi ne wajen suna da kalmar sirri, domin a nan mafi yawan mutane ke maƙalewa. Idan MacBook ta tambayi suna da kalmar sirri, na kwamfutar falo take nufi, ba na MacBook ba. Sannan lambobin nan huɗu ko shida da kake bugawa kullum don buɗe Windows, wato PIN, ba su ne kalmar sirrin ba, kuma ba sa aiki daga wata kwamfutar. Ni kaina na taɓa ɓata dare guda a gidana, daga bayan isha'i har kusan sha biyu, ina cirewa ina mayar da waya, kafin na gane cewa PIN nake ta bugawa. Hanya mafi tsafta ita ce ka buɗe sabon asusu a kwamfutar falo, wanda ba a haɗa shi da imel ba, ka sa masa suna kamar iyali, ka ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, shi za ka ba yaran. Bayan haka ka danna foldar da maɓallin dama, ka shiga Properties, za ka tarar da shafuka biyu, Sharing da Security. Na farko ƙofar zaure ce, na biyu ƙofar ɗaki. Idan ka ba asusun izini a ɗaya ka manta ɗayan, za a ga foldar amma ba za ta buɗu ba, ko ta buɗu a kasa ajiye komai a ciki. Shawarata kuma, lissafin shago kada ya zauna folda ɗaya da hotunan biki. Ka ware shi inda kai kaɗai ke shiga, yaran kuma ka ba su izinin dubawa kawai a kan hotunan da ba ka son a goge bisa kuskure.

Tambaya: Ina da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da marigayi mijina ya bari, akwai takardunsa da karatuttukan da ya tara a ciki. Sabuwar da na saya mai Windows 11 ta ƙi shiga cikinta. An ce mini a kunna wani abu wai shi SMB1, komai zai daidaita. Daga wata mai karatu a Hotoro.

Amsa: Allah Ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Wanda ya faɗa miki haka bai yi ƙarya ba, Windows XP tsohon nau'in yaren SMB, wato SMB1, kaɗai ta iya, kuma idan aka kunna shi a sabuwar akwai yiwuwar su haɗu. Amma ba zan ba ki shawarar haka ba. Ta ɓarakar da ke cikin SMB1 ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila, kuma daga ƙarshen shekarar 2017 ɗin Microsoft ta soma barinsa a kashe a sababbin fitowar Windows 10. Ita kanta XP an daina yi mata gyaran tsaro tun Afrilun 2014. Abin da ya fi damuna ma ba haɗuwar ba ce, shekarun faifan da ke cikin tsohuwar ne, domin faifan da ya daɗe haka yana iya tsayawa kowace rana ba tare da sanarwa ba. Ki sa a kwafe komai a filashi ko faifan ajiya na waje a wannan makon, a zuba a sabuwar kwamfutar, a kuma bar kwafi na biyu a wajen wani ɗan uwa da kika amince da shi. Tsohuwar ki bar ta ba a haɗe da intanet ba.

Tambaya: Ni da matata muna aikin hoto da bidiyon biki a Tarauni, ni a Windows, ita a Mac. Faifan ajiya na waje za mu saya, ko akwatin ajiyar nan da ake jonawa da rauta?

Amsa: Idan bi da bi kuke aiki, faifan waje ya wadatar, sai dai a kula da tsarin da aka yi masa. Da yawa suna zuwa da NTFS, wanda Mac ke iya karantawa amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, bidiyon kamu ɗaya ya isa ya wuce haka. Ku mayar da shi exFAT tun ranar farko, kafin ku zuba komai, domin sauya tsarin yana share abin da ke ciki. Idan a Beirut Road ko Farm Centre za ku saya, ku tafi da kwamfuta, a jona a gabanku, ku kwafa babban fayil ku sake buɗe shi kafin ku biya.

Akwatin ajiyar, wanda ake kira NAS, irin na Synology ko QNAP, ya fi dacewa idan kuna buƙatar fayil guda a lokaci guda, kuma yana jin SMB, don haka Windows da Mac duk za su shiga. Sai dai yana son wuta ba yankewa, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata aikin abokin ciniki. Idan ba ku da inbata ko sola a gida, ku sa kuɗin UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, a cikin lissafi tun farko, ku ajiye akwatin inda iska ke ratsawa saboda zafin bazara, ku riƙa kakkaɓe masa ƙura a lokacin hunturu, kuma ku jona shi da rauta ta waya, ba ta waifai ba.