Tambayoyinku: Me ya sa ba sa faɗa mini gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu hawan jini da ciwon sukari. Duk wanda na tambaya ko yana shan magani sai ya ce yana sha, amma awo ya nuna ba haka ba ne. Ga layi dogo, da ƙyar nake samun minti biyar da kowane mutum. Yaya zan yi su saki jiki da ni? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a ɗora wa marasa lafiyar laifi, a duba tambayar tukuna. "Kina shan maganinki kuwa?" amsa ɗaya take nema, kuma kowa ya san wace ce. Baiwar Allah tana zaune gabanki, tana gudun faɗa, tana jin nauyinki, sai ta ce e. Ki juya maganar: "Mutane da yawa na manta ƙwayar nan, musamman ta dare. A kwana bakwai ɗin nan, sau nawa ta wuce ki?" Kin cire mata kunya ke nan, kin kuma nemi adadi a cikin lokacin da za ta iya tunawa.

Idan ta ce sau huɗu, ki lura da fuskarki, domin ita ma fuskar take kallo. Kika tamke gira ko kika yi tsaki, shi ke nan, ba za ki sake jin gaskiya daga bakinta ba. Ki ce kin gode da ta faɗa, sannan ki bi dalili. Maganin sa fitsari na hana mutum barci idan ya sha shi da yamma. Cikin magungunan hawan jini, amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan jawo busasshen tari; metformin na ciwon sukari kuma kan ɓata ciki a farkon shansa. Wata kuwa sauƙi ta ji ta ɗauka ta warke, wata kuɗin ne ya gagara. Kowanne da gyaransa. Haɗarin da ke cikin ɓoyewar ba ƙarami ba ne: likita zai ga awo bai sauka ba, ya ƙara ƙarfin magani ko ya haɗa da na biyu, ranar da ta tashi shanye su duka sai jinin ya faɗi ƙasa, jiri ya kwashe ta.

Batun lokaci kuma, yawancinmu muna tsoron idan aka bar mara lafiya ya fara zuba ba zai tsaya ba. An auna wannan. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar ana katse mutum bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana, kuma bai kai mutum ɗaya cikin huɗu ba wanda ya samu ya ƙarasa bayaninsa na farko. A 2002 kuma aka gwada a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, aka ce likitoci su yi shiru har sai mara lafiya ya gama. Matsakaicin abin da suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kusan huɗu cikin biyar sun gama kafin minti biyu. To minti ɗaya da rabi ne kuɗin sauraron, kuma wanda aka katse shi ne zai tsaya a bakin ƙofa ya ce "af, na manta, ƙirjina ma na ciwo," a koma farko.

Saboda haka ki faɗi sunanki da aikinki da zarar ta zauna. Abin kamar wasa, amma sai da wata likita a Ingila, Kate Granger, ta kwanta jinyar ciwon daji ta ga ma'aikata na taɓa ta ba tare da sun gabatar da kansu ba, ta fara gangami a kan wannan kaɗai a 2013. Ki zauna, kada ki tsaya a kanta. Ki ajiye biro a minti na farko. Da ta gama ki ce "sai kuma me?" tun kafin ki ɗaura mata abin awo. Idan da ɗan rakiya, ki nemi ya ɗan ba ku wuri, don akwai maganar da ba a yi gaban miji ko ɗa. A ƙarshe kada ki ce "kin gane?" Ki ce: "Don in tabbatar na yi bayani daidai, faɗa mini yadda za ki sha su daga gobe."

Tambaya: Sabon malami ne ni a makarantar sakandare. In na yi tambaya sai aji ya yi tsit, ga wani yaro da ya hana ni sakat. Wasu abokan aiki sun ce in ɗaure fuska, wasu sun ce in ja su a jiki. Wanne zan bi? (Daga wani malami)

Amsa: Malam, ɗalibai ba fara'a suke aunawa ba, suna duba ko maganarka ɗaya ce. In ka ce ran Alhamis za ka mayar da takardun gwaji, su gan su ran Alhamis. Hukuncin da ka yi wa ɗan baya, ka yi wa ɗan gaban da kake ji da shi. Ka zana taswirar kujeru, ka haddace suna biyar a rana. Aji mai mutum 40 kwana takwas ne.

Shirun kuma wataƙila kai ne ba ka jira. Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma da aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshin suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru. Ka ƙirga uku a zuci, za ka ji kamar shekara. Wanda ya ba da amsar kuskure kada ka bari a yi masa dariya. Ka tambaye shi ta ina ya bi, don sauran na kallon abin da zai same su in sun gwada.

Shi kuwa yaron, ka daina yi masa faɗa gaban aji, 'yan kallo yake nema kana ba shi. Ka gwada minti biyu kullum har kwana goma a jere, a fili inda kowa ke gani, kuna hira kan abin da yake so, ban da karatu da halinsa. Kwana ukun farko da ƙyar zai amsa maka.

Tambaya: Ina aikin ba da shawara ga matasa. Sau da yawa yarinya kan ce, "Anti, sai kin yi alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba." In yi? (Daga wata mai ba da shawara)

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada ki yi alkawarin da ba ki san nauyinsa ba. Tun zaman farko ki shimfiɗa iyaka: abin da aka faɗa a nan zai tsaya a nan, sai fa in ranta ko na wani na cikin haɗari, ko ana cin zarafinta. In hakan ta taso, ita za ki fara sanarwa, ki gaya mata wa za ki faɗa wa da abin da za ki ce, in da hali ma ku je tare.