Amsa ga yarona da ke Honolulu: ku fara ɗaukar tsohuwar, kuɗi su biyo baya

Wa alaikumussalam ɗana, ya karatu ya baƙunta? Naga saƙonka, wato abokiyar karatunka 'yar asalin Hawai tana son yin dokumentari na farko akan kakarta mai shekara 87 da ke zaune a Hoolehua can tsibirin Molokai, ta ce kai za ka riƙe mata kyamara ka kuma yi editin tunda ta ga ka iya, duk abun da ta tara dala dubu 3 ne, shine kake tambaya ku sayi kyamara mai kyau da kuɗin ko ku zauna ku rubuta takardar neman tallafi sai an ba ku sannan ku fara.

Toh ni dai duka biyun ban yarda ba. Ku sayi tikitin jirgi ku tafi wajen tsohuwar nan a hutun da ke gabanku. Masu bada tallafi daga ranar da ka cike fom zuwa ranar da kuɗi zai shigo asusu ana iya cinye shekara, wani lokacin ma a ce maka ka sake nema baɗi, ita kuma mai shekara 87 ko tana raye baɗin ba lallai ƙwaƙwalwar tana nan yadda take yau ba. Kuma abun da sababbi basa ganewa shine su kansu masu kuɗin ba takarda ce ke motsa su ba, abun da kuka riga kuka ɗauka suke son gani, kusan duk fom ɗin da za ku buɗe akwai gurbin da aka ce a saka samfurin aiki. In ba ku je ba me za ku saka?

Kyamara kuwa aro ake yi. Ka tambayi sashen fim na jami'arku, in basu ba ku ba akwai Olelo a nan Oahu, tsibirin da Honolulu take, tashar talabijin ta al'umma ce, suna koya wa mazauna tsibirin aiki su ba su aron kaya bisa sharaɗin abun da aka ɗauka za a nuna a tasharsu, sai ku karanta sharaɗin da kyau kafin ku sa hannu saboda gobe in bikin fim ya ce shi sai wanda ba a taɓa nunawa ba. Ɓangaren Maui da Molokai kuma Akaku ce ke wannan aikin. Ko wayarka ma ta isa in akwai haske. Inda zan ce ku kashe kuɗi shine sauti, ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga guda biyu, rikoda, abun kunne mai rufe kunne ruf, da wannan gashin da ake sa wa makirufo saboda iska, sai diraif uku na ajiye bidiyo. Mutum zai zauna ya kalli hoto mai ɗan duhu awa guda in yana jin magana tar, amma sauti na shiii shiii minti biyu ya tashi.

Hoolehua fili ne mai iska sosai, kar ka ce za ka zaunar da ita a tsakar gona don bayan ya yi kyau, ka ɗauki gonar daban ka ɗauki maganar a cikin ɗaki kusa da taga, hasken ya zo mata ta gefe. Ka kashe fanka, ka cire filogin firji, ka saka makullin motarku a cikin firjin don kar ku tafi ku bar wa tsohuwa kifinta ya lalace, ba yadda za ai ku tashi mota ba ku tuna ba. Zakaru kuma babu yadda za ka yi da su, in ɗaya ya yi cara a tsakiyar magana mai muhimmanci kar ka tsayar da ita, ka rubuta lokacin a takarda, can anjima jikar ta sake jawo zancen ta wata hanya. Kafin ku tashi kowa ya yi shiru minti ɗaya ka ɗauki sautin ɗakin haka nan, ranar editin za ka gode mun. Jiragen da ke zuwa Molokai ƙanana ne ana auna kaya, ka rage tarkace.

Yanzu maganar zama da ita, wadda ta fi duk wannan. Ranar farko kar ka ciro kyamara daga jaka. Kar ku je hannu rabbana, ku riƙe abun ci, ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka ci abun da addininka ya yarda ka ci ka yi godiya, ka taya wanke kwano. Mutanen can suna da abun da suke kira talk story, hira ce da ba a hanzarta ta, ana zagayawa ana dawowa, kuma tambaya mai kaifi kai tsaye bata cika buɗe bakin dattijo ba. Jikar ce za ta yi tambaya ba kai ba, ta zauna dab da lens, kai aikinka ka yi shiru, kuma in tsohuwar ta gama jimla ta yi jim kar ka kashe, ka ƙirga goma a ranka, sau tari abun da fim ɗin ke nema yana bayan wannan shirun.

Kar kuma ka shiga da tunanin tunda tsohuwa ce to Hawayanci za ta zuba muku. An kifar da sarauniya Liliuokalani a Janairun 1893, a 1896 aka yi dokar da ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa a makarantu, yara da yawa sun sha duka akan yarensu, to su da suka girma sai suka ƙi koya wa 'ya'yansu don kar su sha abun da suka sha. Kakar nan da aka haifa wajajen ƙarshen shekarun 1930 tana iya yiwuwa cikin waɗanda ba a koya wa bane, ta ji iyayenta suna yi in basa son yara su gane, ita kuma Pidgin irin na Hawai da Turanci take yi. Sai 1978 aka maida yaren na hukuma a jihar, a 1984 makarantar Punana Leo ta farko, wadda ke koyar da ƙananan yara da Hawayanci, ta buɗe a Kekaha, shi yasa yau za ka ga jika ta fi kaka iya yaren kakanni. In haka abun yake a gidan nan kar ku ɓoye shi don kunya ko ku sa ta haddace jimla don kyamara, in jikar ta yi mata magana da yaren ta tsaya tana lalubo amsa, wannan ai shine fim ɗin.

Dama abun da zan tambaye ku kenan, fim ɗin akan me? In kuka ce akan kaka da al'adun Hawai to ba ku da fim tukuna, kuna da kundin hotuna. Sai an samu abu ɗaya da jikar ke son sani wanda har yanzu bata sani ba. Tunda Hoolehua ne inaga filin da suke kai irin na dokar 1921 ne wadda Yarima Kuhio ya yi fafutukarta, aka ware wajen eka dubu 200 ana ba 'yan asali haya ta shekara 99 akan dala ɗaya a shekara, amma sai mai rabin jinin Hawai zai nema, ɗa ko jikan da zai gada kuma sai yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Kaga a gida guda ana iya samun jikan da ya isa ya gada da wanda bai isa ba duk kaka ɗaya, ga dubban mutane a jerin jira wasu har sun mutu basu samu ba. Wa zai zauna a filin nan bayan tsohuwa? Tambaya ce da za ta riƙe ɗan kallo. Sannan a wannan tsibirin Kalaupapa take, inda daga 1866 zuwa 1969 aka tura mutum wajen dubu 8 masu cutar kuturta, gidaje da yawa suna da wanda aka kai can basa ambatonsa. In sunan ya fito a bakinta kar ku yi rawar jiki, ku kashe kyamara ku tambaye ta ko tana son duniya ta ji.

Kuma ba ita kaɗai za a tambaya ba. A gaya wa kawunnai da gwaggwanni tun yanzu, kowa ya sa hannu a takardar izini ranar da aka ɗauke shi, ba bayan shekara biyu da rigimar gado ta tashi ba. Jerin sunayen kakanni, waƙoƙin da gida ya gada, inda aka binne magabata, har wurin da suke kamun kifi, akwai waɗanda ba a nuna wa bare, in aka ce maka kar ka ɗauka to kar ka ɗauka, kar kuma ka yi wayon barin kyamara a kunne. Ni da ni ne zan yi musu alkawarin za su ga fim ɗin kafin kowa.

Hotunan gidan ku yi musu sikanin a tafiyar farko, gaba da baya saboda rubutun da ke bayan, tsohuwar na faɗin wane ne wane kuna ɗauka. Gobarar Lahaina ta Agustan 2023 ta nuna wa kowa a can yadda tarihin gida ke ƙonewa a dare ɗaya. Sauran binciken yawanci kyauta ne, ka shiga Papakilo da Ulukau a intanet ka buga sunan gidan, jaridun Hawayanci sun fito tun 1834 har 1948, ga takardun rabon ƙasa na 1848, ga takardar koken 1897 da mutum sama da dubu 21 suka sa wa hannu suna ƙin a haɗe su da Amurka, in aka dace sa hannun kakan kakarta na ciki sai ku buga shafin ku miƙa mata kyamara na kunne. Akwai kuma hirarrakin rediyo da Larry Kimura ya fara yi da dattawa masu yaren a 1972, ku duba ko akwai ɗan uwa a ciki. Tsofaffin bidiyo kuma sai ma'ajiyar Uluulu da ke jami'ar West Oahu, amma kallo daban sakawa a fim daban, na biyun sai da izini kuma sau da yawa da kuɗi, haka gidan tarihi na Bishop.

Toh in kun dawo sai maganar kuɗi. Ka yanka samfur na minti biyar zuwa bakwai, ba tallar fim mai kiɗa da yanke yanke ba, sin guda ɗaya cikakke, wato fitowa ɗaya, da zai nuna tsohuwar na iya riƙe allo. Da shi za ku nemi ƙungiyar sa kai mai rajista da za ta tsaya muku, saboda yawancin gidauniyoyi a Amurka basa ba mutum kuɗi a hannunsa sai ƙungiya, ita ke karɓa ta cire kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ta ba ku sauran, wanda ya ba ku gudummawa kuma ya samu sauƙin haraji. IDA, ƙungiyar masu shirya dokumentari, na yin wannan. Ƙofar farko da kowa ke bugawa a can ita ce Pacific Islanders in Communications, tun 1991 suke Honolulu suna tallafa wa finafinan mutanen Fasifik don tashoshin talabijin na jama'a na PBS, sai dai kuɗinsu a da ta hannun CPB yake zuwa, hukumar da ke raba kuɗin gwamnati ga irin waɗannan tashoshin, kuma a 2025 majalisar Amurka ta janye kuɗin CPB ɗin har ta sanar za ta rufe, majalisun raya al'adu na jihohi da ke cin kuɗin NEH, asusun gwamnatin tarayya na tarihi da al'adu, irin ta Hawai suma an datse musu a shekarar, don haka ku kira ku ji me ke buɗe yanzu kafin ku ɓata wata guda akan fom. Ku duba OHA, ofishin harkokin 'yan asalin Hawai, ku duba shirin 'yan asali na cibiyar fim ta Sundance, wannan ita za ta nema da sunanta tunda labarin gidansu ne.

Kickstarter kuma kar ya ruɗe ku, in baku cika adadin da kuka sa ba ko sisi ba za ku samu ba, in kun cika su cire kashi 5 banda kuɗin kati. Kamar ajon biki yake, wanda ya san ka shine ke zuwa, baƙo sai ya ga wuri ya cika yake leƙowa. Ku zauna ku rubuta sunan duk ɗan uwa da 'yan coci da 'yan ajinta na rawar gargajiyarsu ta hula, ku ƙiyasta abun da kowa zai iya, wannan jimlar ita ce adadin da za ku sa ba abun da kuke buri ba. Kuma ku nemi kuɗin abu ɗaya takamaimai, misali tafiya Las Vegas, don ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Hawai da ke zaune a sauran jihohi sun fi na gida yawa, zai yi wuya a ce babu gwaggo a can da ke riƙe da rabin labarin.

Ɗauka ba ita ke cin kuɗi ba, ƙarshen ne. Gyaran sauti, gyaran kala, fassarar ƙasan allo wadda dole mai yaren ya duba saboda alamomin rubutunsu, inshorar da tasha ke nema kafin ta nuna, sai kiɗa. In rediyo na kunne a kicin ka kashe, in kaka ta ɗau ukulele, ƙaramar jitarsu, ta rera waƙa ka tambayi wa ya rubuta, ko waƙar ta tsufa ta zama ta kowa faifan da wani ya rera ta yana da mai shi. Bakin teku da filin gwamnati akwai famit daga ofishin fim na jiha, duron, jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, kuma sai mai lasisin FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ni dai na gaji da ganin tsaunuka daga sama a kowane fim na Hawai, ku bar shi.

Kai kuma naka, bizar karatu gare ka, kar ka karɓi ko dala ɗaya da sunan ladan aiki sai ka je ofishin ɗalibai baƙi sun gaya maka abun da doka ta yarda. Ku rubuta a takarda ɗaya ita ce darakta kuma mai fim, kai mai ɗauka da editin, da yadda sunanka zai fito, kowa ya riƙe kwafi. Kowane dare a kwafe kati a diraif biyu kafin a kwanta, na ukun ya zauna a wani gida daban. In ka yanka samfurin ka turo mun ba tare da kiɗa ba, ka haɗo da jerin tambayoyin da ta yi wa kakar in ga waɗanne ne suka buɗe mata baki.