Wane ne a saman dogon ginshiƙin Blenheim?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wani dogon ginshiƙi a tsakiyar fili, tumaki na kiwo a gindinsa, ga mutum-mutumi can a ƙololuwa. Ya ce wai a gidan da aka haifi Winston Churchill yake. Shin shi ne a saman? Ko kabarinsa ne? Kuma me ya sa aka kafa shi a dawa, ba a cikin gari ba?

Amsa: Hajiya, ba Winston ba ne, ba kuma kabari ba ne. An gama ginshiƙin a 1730, shi kuwa Winston sai a 1874 aka haife shi a fadar Blenheim ɗin, kusa da Oxford. Wanda kike gani kakan kakanninsa ne, John Churchill, basaraken Marlborough na farko, wanda ya fatattaki sojojin Faransa da na Bavariya ranar 13 ga Agusta, 1704, a gefen wani ƙauye mai suna Blindheim a ƙasar Jamus ta yau. Tukwicin wannan nasara ne Sarauniya Anne ta ba shi gandun Woodstock, aka kama gina masa fada da kuɗin gwamnati.

Tsawon ginshiƙin ya kai mita 41. Mutum-mutumin da dalma aka yi shi, sanye da kayan janar na Rumawan dā, ya ɗaga hannu riƙe da wata 'yar siffa mai fukafukai, alamar nasara. John dai bai gan shi ba, don ya rasu tun 1722. Aikin matarsa Sarah ne.

To, ni a ganina labarin yana wajen Sarah. Mace ce wadda ba ta barin ta kwana. Aminiyar Sarauniya ce ta ƙut-da-ƙut har suka ɓata, aka tuɓe mijin daga muƙaminsa, aka tsayar da kuɗin gini a 1712. Daga baya da aljihunsu suka ƙarasa. Shi kansa Vanbrugh da ya zana fadar, da suka yi baran-baran, hana shi shiga ta yi ya ga aikin hannunsa. Macen da ta ga yadda kyautar sarauta ke juyawa ba za ta dogara da baki ba. Ki ce wa ɗanki, in ya koma, ya bar ɗaga kai ya duba gindin ginshiƙin. Fuska ɗaya tarihin yaƙoƙin mijin ne, sauran kuwa dokokin majalisa ne da suka mallaka wa zuri'arsa wurin, an sassaƙa su a dutse da ƙananan baƙaƙe.

Batun dawa kuma, ai ba dawa ba ce, cikin gandunsu ne. An saita ginshiƙin daidai da ƙofar fadar da babbar gadar da ke gabanta, yadda duk wanda ya fito sai idonsa ya faɗa kansa.

Gawar John tana ɗakin ibada na cikin fadar tare da ta Sarah. Winston kuma a ƙauyen Bladon da ke maƙwabtaka aka binne shi a 1965. Har yau zuri'ar na biyan haya: kowace shekara, in ranar yaƙin ta zagayo, sai su aika da tutar sarakunan Faransa na dā zuwa fadar Windsor.