Ku Tambaya Mu Amsa: Yaya Zan Zaɓa wa Yarana Littafi a Shago?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ina da yara biyu, mace mai shekara 6 da namiji mai shekara 9. A hutun da ya wuce na kai su wani shagon littattafai a Sabon Gari don kowa ya zaɓi nasa. Ƙaramar ta rungumi wani ƙaton littafin Turanci mai hotuna masu sheƙi wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna, babban kuma ya tsaya yana kallon kantoci bai taɓa komai ba. Mai shagon ya ce littattafan shirin jarrabawa ne suka fi amfani. A ƙarshe muka dawo gida hannu rabbana. Ina mafita? Daga Maman Hauwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Hauwa. Allah ya raya mana su, ya kuma saka miki da alheri, domin iyaye da yawa ba sa taka shagon littattafai sai makaranta ta turo takardar abin da za a saya.

Shawarata ta farko ita ce ki daina auna littafi da bangonsa, ki auna shi da bakin yaron. Idan kuka koma, ki nemi izinin mai shago, ki buɗe wa ɗanki shafi guda daga tsakiya, ki ce ya karanta a bayyane, ke kuma kina lanƙwasa yatsa duk inda ya yi tuntuɓe. Idan yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa nauyi a yanzu, idan kuwa ya wuce sumul har yana neman juya shafi don ya ji yadda aka kwashe, to kin samu abin da kika zo nema. Tsayawar da ya yi bai taɓa komai ba, a ganina, kunya ce da tsoron a ce ya ɓata kayan mutane, saboda haka ke ce za ki fara ciro littafi ki ɗora masa a hannu.

Ita kuwa Hauwa, hoto ne ƙofar karatunta, don haka kada ki ga laifinta. Ki nemo mata ɗan ƙaramin littafi mai manyan haruffa da jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, ki tambaye ta abin da take gani a hoton kafin ki karanta mata.

Ina roƙonki ki tambayi inda ake ajiye littattafan Hausa, domin sau da yawa suna can ƙuryar shago ƙura ta lulluɓe su. Yaron da ya fara karatu da harshen da yake ji a gida hankalinsa na kan haɗa baƙi ne kawai, tunda ma'anar ya riga ya santa. Tatsuniyoyin da Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara sun dace da ƙanana, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuma, wadda ta fara fitowa a 1937, Hausarta na iya yi wa ɗan shekara 9 tsauri, amma idan kina karanta masa labari ɗaya bayan sallar isha, ba za a daɗe ba zai karɓe ta daga hannunki. Sai dai ki lura, a wasu shagunan ana jera littattafan soyayya na manya a kanta ɗaya da na yara, don haka ki leƙa cikin kowane da kanki.

Akwai kuma bugun jabu, wanda arhar sa ke ruɗar mutane. Ki duba ko tawada ta dusashe, ki ƙirga lambobin shafuka ko an tsallake wasu, ki ja bangon a hankali ki ga ko ɗinkin zai riƙe. Ki tabbatar an sa haruffa masu lanƙwasa, domin littafin da bai bambanta baki da baƙi ba zai koya wa yaro kuskuren da zai wahalar da malaminsa.

Maganar mai shago tana da nata wurin, amma littafin jarrabawa aikin makaranta ne, kuma ba shi ke sa yaro ya ƙaunaci karatu ba. Kafin ku fita daga gida ki faɗa wa kowannensu iyakar kuɗin da kika ware masa, sannan ku je da hantsi a ranar aiki, lokacin da cunkoso ya yi sauƙi har mai shago zai iya ba ku benci ku zauna.